Faifan ajiya na gwanjo mai kalmar sirri: a buɗe ko a haƙura?

Tambaya: Malam, ni mai gyaran kwamfuta ne a Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina. Na saro kwamfutocin tafi-da-gidanka na gwanjo daga Kano, sai na tarar faifan ajiyar wasunsu na neman kalmar sirri da zarar an kunna. Na cire ƙaramin batirin da ke kan babban allon cikin na'urar (motherboard), na kuma gwada fomatin a wata kwamfutar, amma abin ya ƙi. Shin akwai mafita?

Amsa: Allah ya sa wa sana'a albarka, Malam. Da farko ka tantance irin makullin da ke gabanka, domin ba duka ne ke da wahala ba. Idan kalmar shiga Windows ce, sake ɗora manhajar ya wadatar. Idan kuma BitLocker ne, wato tsarin Windows na rufe bayanan faifai, ba za a karanta bayanan ba sai da mabuɗin ceto mai lambobi 48, amma shi kansa faifan yana karɓar fomatin lafiya lau.

Abin da ka bayyana ya fi kama da makullin da ke cikin faifan kansa, wanda ya shiga ƙa'idar ATA, wato tsarin da faifai ke sadarwa da kwamfuta, tun cikin shekarun 1990. Ba a kan babban allon cikin kwamfutar ake adana wannan kalmar ba, faifan ne ke riƙe da ita a wani keɓaɓɓen wuri da Windows ba ya kaiwa, shi ya sa cire batiri bai amfane ka ba, kuma duk na'urar da ka kai shi makullin zai bi shi. Muddin yana kulle, ba ya yarda a karanta ko a rubuta komai a kansa, fomatin kuwa rubutu ne. Bayan kuskure biyar ma yakan daina sauraron kowace kalma har sai an kashe wuta an sake kunnawa.

Kalmomin sirrin iri biyu ne, akwai ta mai amfani, akwai kuma babba wadda masana'anta ko ma'aikatar da ta mallaki kwamfutar kan saka. Idan an kulle faifan a matakin tsaro na farko, babbar tana buɗe shi, bayanai kuma su tsira. Idan an kai shi mataki na ƙololuwa, ba abin da babbar ke iya yi sai ba da umarnin shafe komai, daga nan faifan ya buɗe fayau. A wurinka wannan ba asara ba ce, tunda faifan kake so, ba abin da ke cikinsa ba. Masu aiki da Linux, wata babbar manhaja irin Windows, kan aika wannan umarni da manhajar hdparm, sai dai ita ma kalmar za ta nema, ba ta fasa makulli.

To, ina za a samu kalmar? Ka fara da wanda ya sayar maka, ka kuma gwada ta a kan ainihin kwamfutar da faifan ya fito, domin wasu na'urorin, kamar ThinkPad na kamfanin Lenovo, suna sauya fasalin kalmar kafin su miƙa wa faifan. Kamfanin Dell yana taimaka wa wanda ya tabbatar da cewa na'urar tasa ce, shi kuwa Lenovo ya bayyana cewa ba ya iya warware kalmar faifan da aka manta, sai dai a sauya wani. Idan faifan SSD ne, wato na zamani marar abin juyawa a ciki, mai rufe bayanansa da kansa bisa ƙa'idar tsaro da ake kira Opal, ka duba takardar da ke manne a jikinsa, wataƙila ka ga lambar PSID mai haruffa 32, wadda ake mayar da shi sabo da ita, tare da shafe duk abin da ke ciki.

A nan zan ja hankalinka da babbar murya. Kwamfutar da ta zo a kulle ba tare da rasit ba tana iya zama ta sata, kuma hotuna da takardun da ke cikinta amanar wani bawan Allah ne da bai ba ka izinin leƙawa ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta haramta kutsawa cikin bayanan mutane ba da izini ba. Saboda haka duk faifan da ya buɗu a hannunka, ka shafe shi gaba ɗaya kafin ya kai hannun mai saye.

Akwai ƙwararru masu na'urori na musamman da ke cire irin wannan makulli, amma ladan aikinsu kan zarce kuɗin tsohon faifan. A ganina, wanda duk ya gagara ka ajiye shi gefe, ka saka SSD a madadinsa, ka ɗora kuɗin a kan farashi. Nan gaba kuma kada ka biya kuɗin kwamfuta sai ka kunna ta a gaban dillali, ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, ka tabbatar babu kalmar sirri a kanta ko a kan faifanta.