Python ɗin da ya zo da kwamfuta ba naka ba ne

Ƙanena,

Jiya da na ce ka goge layin farko na shirinka, inda ka rubuta #!/usr/bin/python, wato layin da ke gaya wa kwamfuta inda za ta samu Python, manhajar da ke karanta shirin ta aiwatar da shi, ka ce min: "Oga, ai kwamfuta da Python ɗinta take zuwa, me zai sa mu wahalar da kanmu wajen saka wani?" Lokacin akwai mai jiran aiki a shago, shi ya sa ban tsaya na yi maka bayani ba.

Wancan Python ɗin, kamfanin da ya yi manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ne ya ajiye shi don buƙatar kansa, ran da ya ga dama kuma zai ɗauke abinsa. Zanen aro ba ya rufe katara. A kan idonmu aka yi. A 2019, da Apple ya fitar da macOS Catalina, manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinsa na Mac, ya rubuta ƙarara cewa ya bar harsunan rubuta shiri na Python da Ruby da Perl ne saboda tsofaffin manhajoji, nan gaba ba za su riƙa zuwa tare da tsarin ba. A 2021 PHP, wani harshen rubuta shirin, ya fita daga macOS Monterey. Sai ga watan Maris na 2022, sabuntawar macOS mai lamba 12.3 ta cire Python 2.7 ɗungurungum. Ka lura, ƙaramar sabuntawa ce, irin wadda mutum ke dannawa da dare ya je ya kwanta. Gari na wayewa, duk shirin da ya fara da layin nan naka ya tsaya cik, allo yana cewa "bad interpreter". Ya je neman tafinta, wato Python, a inda aka kwatanta masa, bai tarar da kowa ba.

Ni dai ban ga laifinsu ba. Masu Python da kansu sun janye hannu daga Python 2 tun ranar 1 ga Janairun 2020, ba mai ƙara toshe masa ɓarakar tsaro. Wa zai ci gaba da raba wa jama'a kwaɗon da maƙerinsa ya daina gyarawa? Ko Java ma, tun 2010 Apple ya sanar zai daina kula da nasa, aikin ya koma hannun Oracle.

Shirin da ya tsaya ya yi ihu ba ya hana ni barci, wannan ka gan shi, za ka gyara. Wanda nake tsoro shi ne wanda ka mayar Python 3 cikin gaggawa, ya ci gaba da aiki shiru yana ba da amsar ƙarya. Buɗe duka biyun ka rubuta 7/2. Python 2 zai ce maka 3, Python 3 ya ce 3.5. Ka ɗauka lissafin rabon kaya ne a rasidin wani ɗan kasuwa, sai bayan wata guda zai gane an samu matsala, kuma kai zai kira. Ga haruffanmu masu lanƙwasa: a rubutun Python 2 na yau da kullum, ƙ guda ɗaya ana ƙirga ta biyu, a Python 3 kuwa ɗaya ce. Duk inda tsohon shiri yake yanke suna bisa tsawonsa, sai ka bi shi da ido, ka gwada da sunaye irin Ɗanjuma da Ɓaidu.

Don haka ka saka naka, daga python.org ko ta Homebrew, manhajar da ake saka wasu manhajoji da ita, kowane aiki ka yi masa venv ɗinsa, wato keɓaɓɓen wurin da yake ajiye kayan Python ɗinsa shi kaɗai, ka rubuta lambar Python ɗin da ka yi amfani da shi a cikin takardun aikin. Kar ma ka ruɗu da python3 ɗin da kake gani a sabon Mac, kana kiransa zai ce sai ka sauke kayan aikin Xcode, na Apple don masu rubuta manhaja, tukuna, kwastoma kuwa ba shi da wannan datar, ba shi da wannan haƙurin. In za ka miƙa aiki, ɗaure shi tare da Python ɗinsa ta PyInstaller, manhajar da ke haɗa su wuri guda.

Gobe in Allah ya kai mu, kafin ka taɓa komai, ka bi tsofaffin ayyukanmu da grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, ka fito min da duk fayil ɗin da ke kiran /usr/bin/python, har da ƙananan fayilolin da ke saka manhaja, don a can ya fi ɓuya. Za mu gwada su ɗaya bayan ɗaya a kwamfutar nan ta kusa da taga, wadda ba a saka mata komai ba.