Amsa ga mai tambaya kan ɗaukar ƙwararrun masu ɗaure kaya

Assalamu alaikum, 'yar'uwa. Kin ce za ku tashi daga Kano zuwa Abuja, kina tambaya ko kuɗin da kamfanin kwashe kaya ya yanka muku ya cancanci a biya, ko kuwa ku nemi 'yan dako da mota da kanku.

Farashinsu ya dogara ne da yawan kaya, da nisan hanya, da ko gidan bene ne, da kuma kwalaye da soso da za su kawo. Tafiyar ta haura kilomita 400, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin sufuri ya tashi, don haka kada tsadar ta ba ki mamaki.

A ganina, inda kuɗin yake biyan kansa shi ne wajen kayan fashewa. Ƙwararre zai naɗe kowane farantin tangaran shi kaɗai, ya jera su a tsaye cikin kwali, ya kwance gado da sif ya ƙulle kusoshinsu a leda guda, sannan ya ɗora firij a tsaye domin kada man injinsa ya gangara cikin bututu. Ɗan dako kuwa, duk ƙoƙarinsa, ƙarfi yake sayarwa.

Tufafi da littattafai ku ɗaure su da kanku, kuɗin zai ragu. Gwal da takardun gida su zauna a jakarki. Kafin ki ba da kafin alƙalami, su zo su ga kayan da idonsu, a kuma rubuta wanda zai biya idan wani abu ya fashe a hanya.