Amsa ga mai jegon da kuka ya ƙi bari

Assalamu alaikum ƙanwata. Barka da sauka lafiya, Allah ya raya mana, ya sa mai jin ƙanki ne.

Kin ce haihuwar fari ce, kin yi wata biyu da 'yan kwanaki, kin dawo ɗakinki daga wankan gida. Tun kafin arba'in kike kuka ba tare da an yi miki komai ba, barci ba ya ɗaukarki ko da yaron ya yi nasa, abinci ba ya miki daɗi, kuma abin da ya fi ci miki rai shi ne kina kallon ɗanki amma ba kya jin son nan da ake ba da labari. Kika tambaya: imaninki ne ya yi rauni, ko iska ce?

Na daɗe ina aiki a sashen awo da rigakafi, kuma kaso mai yawa na aikin nawa zama ne da masu jego muna magana. Abin da kika lissafo na sha jinsa daga bakin mata. Ciwo ne sananne, ciwon damuwa na bayan haihuwa, kuma ana warkewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 kan gamu da matsalar damuwa bayan ta haihu. Wato a layin rigakafin da kike bi, ba ke kaɗai ba ce, kowacce dai ta yafa mayafinta ta yi shiru.

Na ga masu ce miki ki gode wa Allah, wasu suna can suna neman haihuwa ido rufe. Niyyarsu mai kyau ce, amma fama miki ne. Mace mai wannan ciwo ta riga ta yi wa kanta wannan faɗan da tsakar dare, fiye da yadda kowa zai yi mata. Mu a wajen awo idan jinin mai ciki ya hau, ba wanda yake cewa imaninta ne ya ragu. Ana yi mata addu'a, ana ba ta magani. Ki kuma duba Suratu Maryam daga aya ta 23. Da naƙuda ta kai Nana Maryam ga kututturen dabino, cewa ta yi ina ma ta mutu kafin wannan, ta zama abin da aka manta. Amsar da ta zo mata ba tsawa ba ce. An ce kada ta yi baƙin ciki, ga ruwa a ƙarƙashinta, ta girgiza dabino, ta ci, ta sha, hankalinta ya kwanta. Ki riƙe azkar ɗinki da addu'arki, ki haɗa da neman magani.

Da zarar mabiyiya ta fita, sinadaran jikin da suka riƙe cikin wata tara sukan sauka ƙasa cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa mafi yawan masu jego sukan ji kuka yana zuwa haka kawai daga kwana na uku zuwa wajen suna. Wannan yakan wuce da kansa kafin sati biyu. Naki ya kai wata biyu, ya wuce a ce miki ki jira zai tafi.

Akwai wani abu namu na Hausawa da Fulani da ke ɓoye wannan ciwo, musamman a haihuwar fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban manya, wata ma sai an yi da gaske take ba shi nono idan da mutane a ɗaki. To idan mai jego ta kau da kai daga jaririnta, ta yi tsit, ta sunkuyar da kai, sai tsofaffi su ce kai, yarinyar nan akwai kunya. Ana yabonta, ita kuwa abin yana cinta a ciki. Ba kushe jegonmu nake ba, kwana arba'in ana dafa miki ana yi miki wanki gata ne babba. Amma jiki yake kula da shi: ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama. An tambaye ki ko nono ya kawo, ko jini ya tsaya, ko cibiya ta faɗi. Da wuya a ce wani ya rufe ƙofa ya tambaye ki abin da ke ranki. Sai arba'in ta cika a rako ki ɗaki, girki da wanki da baƙi da maigida da kukan dare duk su sauko miki rana ɗaya.

Tun da na ambaci kanwa: idan gajiyar taki ta haɗa da haki, da kumburin ƙafa, ko ba kya iya kwanciya sai kin tada kai da filo, wannan maganar ciwon zuciya ce ta zahiri, wadda likitocin Zariya suka yi ta nazari a kan masu jego tun shekarun 1970, suna danganta ta da yawan shan kanwa. A je asibiti ba jinkiri.

Duk wadda ta zo mini da irin labarinki, ba na farawa da nasiha. Da barci nake farawa. Matar da ake tasa duk bayan awa ɗaya tsawon wata biyu, ko wacce irin magana ka yi mata ba za ta zauna ba. Kina buƙatar awa huɗu ko biyar a jere, ba wanda ya taɓa ki. A samu ƙanwarki ko wata babba ta zo ta yi sati biyu. Ki shayar da shi bayan isha'i ya ƙoshi, a fita da shi wani ɗaki, a kawo miki shi sai in nono yake nema, ya gama a sake ɗauke shi. Jijjiga da canjin nafkin ba sai ke ba. Wayar ma ki ajiye ta nesa da gado. Idan an yi duk wannan barcin ya ƙi zuwa, ki riƙe shi a matsayin abin da za ki faɗa wa likita.

Sannan kada ki jira sai kin ji sha'awar yin abu kafin ki yi shi. A wannan ciwo sha'awar daga baya take biyowa. Abu ɗaya ƙarami a rana ya isa: ki yi wanka ki sa kwalli ko ba inda za ki, ki zauna a tsakar gida da hantsi, ki leƙa maƙwabta ki gaisa ki dawo. Ranar da kika kasa, ta wuce, gobe ma rana ce.

Maganar rashin jin son yaron kuwa, nan ne mata suka fi fashewa da kuka a gabana, domin sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa su ba iyayen kirki ba ne. Nakan tambaye su: daren jiya da ya yi kuka, wa ya tashi? Wa ya kawo shi allura yau cikin ranar nan? Ke ma wa ya zauna ya rubuta doguwar tambaya saboda tsoron kada ya cutar da ɗansa? Ciwon ne yake dusashe jin daɗin komai, har da abinci, har da ɗa. Ki ci gaba da goya shi, ki ɗora shi a ƙirji, ki yi masa magana lokacin wanka. Shaƙuwar takan shigo a hankali yayin da ciwon ke ja da baya. Wasu matan kuma wani mummunan tunani kan faɗo musu, kamar yaron zai suɓuce daga hannunsu ko wani abu zai same shi ta dalilinsu, su firgita su kasa gaya wa kowa. Idan kina da shi ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya. Mun saba ji, kuma ba ya nufin za ki aikata.

Dole mutum ɗaya a gida ya sani. Idan maigida ne, kada ki tare shi yana shigowa a gajiye. Ki bari ya ci abinci, ki ce masa: "Tun da na haihu ba na jin daidai, ba na barci, ina kuka. Ba laifinka ba ne, ba kuma wani ya yi mini abu ba. An ce ciwo ne mai magani, ina so ka kai ni asibiti." Maza da yawa suna jin kuka sai su ɗauka ƙorafi ake a kansu, shi ya sa nake cewa a cire musu wannan tun farko. Idan bakinki ya yi nauyi, miƙa masa wayar ya karanta wannan. Malam, idan kai ke karantawa, ba a neman ka iya lallashi. Ka karɓi yaron bayan asuba ta yi barci, ka rage mata baƙi, ka tare mata masu cewa sangarta ce.

Allurar sati goma ta kusa, ki yi amfani da ranar. Bayan an yi wa yaro, ki ce wa nas kina son magana a keɓe, ki faɗi abin da kika rubuta mana. Akwai takardar tambayoyi 10 da aka tsara a birnin Edinbura na Birtaniya a 1987 don gano wannan ciwo, wasu asibitocin suna amfani da ita. Ki nemi a auna yawan jininki da hawansa, domin ƙarancin jini bayan haihuwa yana kawo kasala da faɗuwar gaba, haka ma matsalar ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod. Idan an tura ki wajen likitan ƙwaƙwalwa kada sunan ya tsorata ki. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen, akwai na Dawanau, akwai na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Yawancin masu zuwa ganin likita suke su koma gida a ranar.

Ba kowa ake ba ƙwaya ba. Mata da yawa zaman tattaunawa a kai a kai ne ke tashinsu. Tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 don iyaye mata masu damuwa, a ƙauyukan Pakistan aka fara gwada shi, kuma ma'aikatan lafiya na unguwa ne suke zama da uwa suna bin tunaninta da ita ɗaya bayan ɗaya. Idan likita ya ga sai da magani, akwai waɗanda mai shayarwa za ta sha ba sai ta yaye ba. Sukan ɗauki sati biyu zuwa huɗu kafin a fara jin canji, kuma ba a yanke su rana ɗaya don an ji sauƙi. Abin da na hana ki shi ne aike kemis a sayo maganin barci ko na tari don ki samu ki runtsa. Na ga inda hakan ya kai wasu matan aure.

Wanda ba a jira da shi kuwa: idan tunanin kashe kanki ko cutar da yaron ya fara zama a ranki, ko kina jin muryoyi, ko kina ganin an canza miki ɗa, ko kin yi kwanaki ba barci kuma ba kya jin gajiya. Ruɗewar hankali bayan haihuwa takan samu mace 1 ko 2 cikin 1,000, galibi a makonnin farko, kuma ita ce aka fi cewa iska ce a rufe mace a ɗaki ana hayaƙi. Mai irin wannan ba a barinta ita kaɗai da jariri, kuma a ranar ake kai ta asibiti, ruƙiyya ta biyo ta can. Idan ko ɗaya daga ciki ya shafe ki, kada ki jira ranar allura, ki gaya wa na kusa da ke yanzu.

Allah ya ba ki lafiya. In kin je, ki dawo ki gaya mana yadda kuka yi da nas ɗin.