Wane fim ɗin sojojin ƙarfi zan tura wa ɗana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 ya hana ni sakat sai na tura masa finafinan sojojin nan da ake yi wa allura su daina jin harsashi. Na je shagon turi a Ƙofar Ƙaura, yaron shago ya jero min sunaye har kaina ya ɗau zafi. Wanne zan zaɓa, kuma wane memori zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Na san wanda yaron shago ya fara ambata shi ne Universal Soldier na 1992, don ko a Katsina sunan Van Damme kaɗai na sayar da fim. Ka ajiye wannan wa kanka. Labarin sojoji biyu ne da suka kashe juna a yaƙin Biyetnam, aka daskarar da gawarwakinsu, aka tashe su ba tunani ba tausayi. Mugun cikinsu, wanda Dolph Lundgren ya fito a matsayinsa, kunnuwan mutane yake yankewa yana rataya wa wuyansa. A Amurka ma an ware shi ne wa manya.

Ka tura masa Captain America na farko, na 2011. Saurayi ne ramamme da soja suka ƙi ɗauka, amma likitan da ya haɗa allurar ya zaɓe shi saboda halinsa. Akwai inda aka jefa gurneti na gwaji cikin kurata, ƙarfafan duk suka tarwatse, shi kuwa ya faɗa kan gurnetin don ya kare sauran. Duk da haka akwai harbe-harbe, to ku zauna ku kalla tare.

Memori kuwa 32GB ya ishe ku, fim mai kyan hoto ba ya cika wuce 1GB ko 2GB. Jabu sun yi yawa, don haka kada ka bar shagon sai an kunna fim ɗin ka ja shi har ƙarshe.

Tambaya: Daga Daura nake. Wani ya ce zai sayar min da allurar gina jiki irin ta fim.

Amsa: Ƙanena, ta fim ba ta wanzu ba. Mai yiwuwa abin da zai ba ka sitiroyid ne, wato maganin ƙara girman tsoka, yana lalata hanta, yana taɓa zuciya, yana rage maniyyi. Ka riƙe kuɗinka.