Amsa: Liferay ya ƙi tashi a kan saba (server)

Kai ɗan'uwa, ka ce ka sauke Liferay 7.4 (manhajar gina shafukan intanet) mai haɗe da Tomcat (manhajar da ke tafiyar da shi a kan saba) amma shafin ya ƙi buɗewa ko? Kar ka yi saurin gogewa, leƙa fayil ɗin catalina.out cikin foldar logs ta Tomcat tukuna, nan yake faɗin abin da ke damunsa. Ni nawa RAM ne ya yi kaɗan, sai da na ƙara sannan na gyara Xmx (iyakar RAM ɗin da Java zai yi amfani da shi) a fayil ɗin setenv.sh, kuma tashin farko yana ɗaukar mintoci, ka sha shayi ka jira. Duba ko Java ɗinka ya dace da shi ma, sannan ka buɗe port 8080 (ƙofar da ake shiga shafin ta ita) a firewall (katangar tsaron saba). Wancan HSQL, rumbun adana bayanai da Liferay ya zo da shi, na gwaji ne kawai wallahi, saka rumbun PostgreSQL a madadinsa ka rubuta bayanansa a fayil ɗin portal-ext.properties.