Amsa kan yaron da ƙashinsa ke yawan karyewa

Malama, kin tambaya ko garin kolajin (furotin mai ƙarfafa ƙashi da fata) da ake tallatawa zai taimaki ɗanki mai yawan karaya, wanda farin idonsa ya yi shuɗi-shuɗi. Allah Ya ba shi lafiya. Alamomin sun yi kama da osteogenesis imperfecta, cutar gado wadda bincike ya nuna yawanci tana tasowa daga tangarɗa a ƙwayar halittar COL1A1 ko COL1A2, masu samar da kolajin ƙashi. Garin kuwa ciki ne ke narkar da shi kamar nama, ba ya gyara wannan tangarɗa. Ina roƙonki, kada mai ɗori ya ja ƙafarsa da ƙarfi. Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina, likitan ƙashi ya yi masa hoto.