Bindigar da ke kan jirgin ruwan hoton nan

Malam, ka ce ka ga tsohon hoton ƙaramin jirgin ruwan yaƙi da bindiga mai ganga a ka, kana neman sunanta. Daga bayaninka Oerlikon ce, mai faɗin baki milimita 20. Asalinta ƙirar wani Bajamushe ce, Reinhold Becker, tun Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya kamfanin Oerlikon na Suwizalan ya gyara ta, a yaƙi na biyu Ingila da Amurka suka yi ta ƙerawa don kakkaɓo jiragen sama. Gangar nan harsashi 60 take ci. Kar ka haɗa ta da Bofors fa, waccan ta Suwidin ce, milimita 40, ta fi ta girma nesa ba kusa ba. Tantance shekarar hoton kuwa, tura wa masu gidan tarihin sojan ruwa.